Haƙƙin Wanda Annoba Ta Bari Da Rai

Tun daga ranar 27 ga Fabrairu 2020, da aka tabbatar da shigowar cutar korona ƙasar nan ta birnin Legas, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ɗauki al'adar fitar da lissafi kowane dare a zamanin annobar, kuma lissafin nan gida uku gare shi: adadin waɗanda suka kamu, da adadin waɗanda aka sallama, da adadin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Jama'a suka riƙa duban gida na uku suna salati, su dubi na biyu su yi hamdala, alhali kuwa a cikin gida na biyun nan akwai bayin Allah masu yawa waɗanda gwaji ya shaida cewa ƙwayar cuta ta rabu da su, amma ƙarfinsu bai komo ba, numfashinsu bai daidaita ba, wasu ma ƙafafun da suka kai su asibiti ba su ne suka komo da su gida ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa a yau shi ne, waɗannan mutane suna da haƙƙi a wuyanmu wanda takardar sallama ba ta sauke shi, kuma aikin da muke kira gashi, wato komo da gaɓoɓi da numfashi da magana bisa aikinsu bayan ciwo ya raunana su, rukuni ne daga cikin rukunan magani, wanda in aka bar shi, to an bar jinya ba a cika ta ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan ma'aunin da za mu auna warkewa da shi. Malaman fiƙihu, da suka zo bayanin sallar marar lafiya, ba su tsaya tambayar sunan ciwonsa ba, abin da suka duba shi ne iyakar ikonsa: mai iya tsayuwa ya tsaya, wanda ya gaza ya zauna, wanda zaman ma ya gagara ya kishingiɗa ya yi ishara, wanda ruwa zai cuce shi ya yi taimama. Wannan ma'auni na iko shi ne ainihin ma'aunin likitan gashi, domin tambayoyinsa ga majinyaci ba su wuce waɗannan ba: kana iya tashi zaune ba a tallabe ka ba? Kana iya kewayawa kai kaɗai? Kana iya kai loma bakinka, ka haɗiye ba ka ƙware ba? Kana iya alwala, kana iya takawa zuwa masallacin unguwa, kana iya riƙe fartanya ko allura ko sitiyari? Mutumin da aka amsa masa waɗannan tambayoyi da a'a, ko da jininsa ya fita tas a ɗakin gwaji, yana nan cikin jinya, kuma mutuncinsa yana rataye a hannun wanda zai ɗaga shi ya kwantar.

Dalilin da ya sa ƙarfi ba ya komowa da kansa sananne ne ga masana. Jikin ɗan Adam an halitta shi bisa motsi, ta yadda tsokar da ta kwana bakwai ba ta ɗauki nauyi ba sai ta fara zubewa, gaɓar da aka bari a lanƙwashe makonni sai jijiyoyinta su ƙage har miƙe ta ya gagara, fatar da nauyin jiki ya danne a wuri guda sai jini ya daina isa gare ta, ta buɗe ta zama gyambo. Wanda korona ta kai shi ɗakin kulawa ta musamman, aka sa masa na'urar taimakon numfashi, aka yi ta ba shi maganin barci kwana da kwanaki, yakan farka ya tarar hatta tsokar da ke jan numfashi ta yi rauni, muryarsa ta dushe saboda bututun da ya zauna a maƙogwaronsa, hankalinsa kuma yana rikicewa. Akwai kuma wani kashi na mutane waɗanda ciwon bai ma kwantar da su a asibiti ba, amma bayan wata uku suna nan da kasala mai nauyi da haki da mantuwa, har ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya, a watan Oktoba 2021, ta fitar da ta'arifi na musamman ga wannan hali, ta ce alamomi ne da kan bayyana galibi wata uku daga kamuwa, su ɗauki aƙalla wata biyu, ba a kuwa sami wani ciwo da za a jingina su gare shi ba. Irin waɗannan a wajenmu sau da yawa ragwanci ake jingina musu, ko a ce tsufa ne ya zo da wuri, sai zargi ya haɗu da ciwo ya yi musu nauyi biyu.

Ɓarnar annoba kuwa ba ta tsaya ga waɗanda ta kama ba. A watan Mayu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 155 halin da asibitocinsu ke ciki, sai kashi 63 cikin ɗari suka amsa cewa ayyukan gashi da makamantansu sun tsaya ko sun samu tangarɗa, domin a wurare da yawa an lissafa su cikin abin da za a iya jinkirtawa. Duk wanda ya zauna Kano a watan Afrilu na shekarar, sa'ad da aka kafa dokar kulle, motoci suka ɗauke, asibitoci da dama suka taƙaita karɓar marasa lafiya saboda tsoro, ya san abin da wannan jinkiri yake nufi. Hawan jini bai tafi hutu ba don an rufe gari, mutane sun ci gaba da faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki kamar yadda suka saba, ko dai jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa ko ta fashe. Ga shi kuwa ƙwaƙwalwa, bayan irin wannan rauni, tana da wani lokaci na musamman, watanni uku zuwa shida na farko, wanda a cikinsa ta fi karɓar horo, sassan da suka tsira suna koyon ɗaukar aikin sassan da suka mutu, muddin ana maimaita musu motsi safe da yamma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya faɗi a farkon kulle, ya cinye waɗannan watanni a kan tabarma ba mai miƙe masa hannu, ya yi hasarar da buɗe gari ba ta mayar masa ba, kuma sunansa bai shiga ko ɗaya daga gidajen lissafin nan uku ba.

Ba kuma korona ce ta fara koya mana wannan darasi ba, mu ne dai ba mu riƙe karatun ba. A shekarar 1996 sanƙarau ya ratsa Arewa, ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000, kuma sananne ne cewa cikin kowane mutum biyar da suka tashi daga wannan ciwo, kusan ɗaya yakan tashi da tabo na dindindin, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓa, ko naƙasar fahimta. Yaran da suka kurumce a waccan shekara yau magidanta ne da matan aure, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka samu wanda ya gwada jinsu, balle ya koya musu magana ko ya kai su makarantar kurame irin ta Tudun Maliki. Zazzaɓin Lassa, wanda ke komo mana kowane rani, yakan bar kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da matsalar ji. Mashaƙo, wanda ya tsananta a Kano a 2023, dafinsa yakan bi jijiyoyi makonni bayan maƙogwaro ya warke, yaro ya sha ruwa ya fito masa ta hanci, ƙafafunsa su saki. Sai kuma babbarsu, shan inna. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno, kuma wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya ga Allah da yabo ga matan da suka bi gida gida suna ɗiga maganin rigakafi. Amma a ranar da aka yi wannan shela, waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan a mararrabar titunanmu, suna jan jiki tsakanin motoci, da yawansu kuwa da an samu wanda ya miƙe gaɓoɓinsu tun suna ƙanana, aka yi musu takalmin ƙarfe da sanda, da a tsaye suke neman abincinsu. Wanda ya kashe gobara ya yi aikin lada, sai dai mai gida bai koma ɗakinsa ba tukuna sai an ɗora masa jinka.

Tarihin wannan fanni kansa daga annoba da yaƙi ya tsiro, kuma akwai ishara a cikinsa ga mai tunani. A zamanin da shan inna ke ta'adi a ƙasashen Turawa, al'adar likitoci ita ce su ɗaure ƙafar yaro da filasta ko katako watanni don kada ta karkace, sai wata ma'aikaciyar jinya mutuniyar Ostireliya, Elizabeth Kenny, ta saɓa musu, ta riƙa gasa tsokar da tsumman ulu mai ɗumi, sa'an nan ta bi ta da motsi a hankali tana koya wa yaron yadda zai sake umartar ƙafarsa. Aka yi ta musu da ita shekaru, har daga baya aka buɗe cibiya da sunanta a birnin Miniyafolis na Amurka a 1942. Haka kuma a Ingila, a 1944, aka danƙa wa likita Ludwig Guttmann sojojin da yaƙi ya karya wa ƙashin baya a asibitin Stoke Mandeville, mutanen da a lokacin galibinsu gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashewa cikin ɗan lokaci, shi kuwa ya kafa doka cewa a juya kowane majinyaci bayan awa biyu, dare da rana, a tashe shi zaune, a koya masa sana'a, a sa shi wasa. Gasar da ya shirya wa majinyatansa a 1948 ita ce asalin gasar naƙasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960, wadda 'yan Nijeriya suka sha ciyo zinariya a cikinta a fagen ɗaga nauyi. Abin lura a nan shi ne, jarin waɗannan mutane biyu ilmi ne da naci da hannuwa masu haƙuri, abubuwan da talaucin ƙasa ba ya hana a same su.

Mu ma ba da hannu wofi muke ba. Aikin gashi na zamani ya fara a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, asibitin ƙashi na Dala ya buɗe a Kano a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a wannan fanni a 1966, yau kuma Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in Arewa suna yaye ɗalibai a cikinsa kowace shekara. Illar ita ce, wannan ilmi ya taru a manyan asibitocin manyan birane, alhali gashi magani ne da ba a shanye shi a zama ɗaya, sai an yi ta komowa sau biyu ko uku a mako har watanni. A dubi halin manomin da ɓarin jikinsa ya shanye a wani ƙauye mai nisa da birni: sai an ɗauko shatar mota domin ba ya iya zaman haya, sai mutum biyu sun bar aikinsu sun rako shi, sai an biya kuɗin kati da kuɗin gashi, a bi layi, a komo da la'asar. Iyali sukan jure zuwa uku ko huɗu, sa'an nan aljihu ya gaza, a ce an bar wa Allah. Masu koya wa majinyaci magana da haɗiya, da masu koya masa ayyukan yau da kullum, da masu ƙera ƙafar roba da takalmin gyara, su kam sun fi likitocin gashi ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma daga cikin 'yan kaɗan ɗin da muka horar, ƙasashen waje suna ta janyewa.

Na san akwai mai cewa, ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da gudawa, mata ke mutuwa wajen haihuwa, ba ta da sukunin kashe kuɗi a kan wanda ya riga ya tsira, kuma rigakafi ya fi magani. Maganar tana da nauyi, ban kuwa ce a rage ko kwabo daga kuɗin rigakafi ba. Sai dai mai wannan hujja ya manta da lissafin cikin gida. Magidanci ɗaya in ya kwanta, ba shi kaɗai ya bar nema ba: matarsa ta ajiye sana'arta ta zama mai jinya, an cire 'yarsa daga makaranta don ta taya uwarta, an sayar da akuya, an jinginar da gona, ƙarshe a tura yaro ya tura shi a keke zuwa bara. Kuɗin da aka ƙi kashewa a wata shida na gashi, iyali da al'umma za su biya ninkinsa a shekara ashirin na kwanciya. Wani babban bincike da aka wallafa a ƙarshen 2020 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, wato kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da wata larura da irin wannan kulawa za ta amfane su, saboda haka ba maganar 'yan tsiraru ake yi ba. Tun a taron Alma Ata na 1978 aka lissafa ta cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, kuma a watan Mayu 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri na farko a kanta, Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ke da kujera a wannan taro. Alkawari dai an riga an ɗauka, cikawa ta rage.

Akwai kuma gyaran da ya rataya a wuyanmu mu talakawa, wanda ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Har yanzu a gidaje da yawa, in mutum ya faɗi a banɗaki bakinsa ya karkace, iska ake fara zargi, a yi ta hayaƙi da shafe shafe makonni kafin a tuna da asibiti. Addu'a takobin mumini ce, ruƙiya ta shari'a kuwa ba mai hana ta, amma tawakkali na gaskiya yana tafiya tare da riƙon sababi, kuma babu abin da ya hana a yi tofi da asuba a tafi gashi da hantsi. Sai kuma wani nau'in tausayi mai cutarwa, inda 'ya'ya masu biyayya za su hana mahaifinsu ɗaga ko da kofi, su ba shi abinci a baki, su sa masa riga, su ce Baba kwanta ka huta, suna zaton birrul walidaini suke yi, alhali kowane aikin da suka karɓe masa darasi ne suka hana ƙwaƙwalwarsa. Jinƙai a wannan hali shi ne ka zauna kusa da shi, ka danne zuciyarka, ka bar shi ya yi ta kokawa da maɓallin rigarsa har ya sa, ka juya shi a kan lokaci, ka miƙe masa yatsu kamar yadda aka nuna maka, ka zaunar da shi sosai kafin ya ci don kada abinci ya bi hanyar huhu. Tare da haka dole a kiyaye, domin ba kowane motsi ne magani ba: jan hannun da ya shanye da ƙarfi yakan gurɗe kafaɗa, kuma wasu masu kasalar bayan korona in aka matsa musu da motsa jiki sai ciwon ya komo musu sabo kwana ɗaya ko biyu bayan haka, irinsu auna ƙarfi da hutu a kan ƙa'ida ake koya musu. Wannan shi ya sa iyali suke bukatar masani a kusa da su.

To, abin da nake roƙon hukuma da shi abu huɗu ne. Na farko, kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya samu likitan gashi da ɗaki da kayan aiki gwargwadon hali, shi kuma ya riƙa zagaya ƙananan asibitocin mazaɓu a ranaku sanannu, yana horar da malaman lafiya na karkara yadda za su koya wa masu jinya a gida. Na biyu, hukumomin inshorar lafiya na tarayya da na jihohi su sa gashi da sanda da keke da na'urar ji cikin abin da suke biya, su biya har iyakar bukata, kada a yanke wa majinyaci zuwa kaɗan a ce ya ƙare rabonsa. Na uku, duk sa'ad da aka sallami wanda ya tashi daga sanƙarau ko Lassa ko mashaƙo ko wata annoba, a rubuta sunansa, a sa masa ranar komowa don a gwada jinsa da tafiyarsa da numfashinsa, lissafin hukuma kuma ya samu gida na huɗu, na waɗanda suka koma bakin aikinsu. Na huɗu, a rubuta tun yanzu, cikin shirin tarbar annoba mai zuwa, cewa ɗakin gashi ba ya cikin abin da ake rufewa, a tanadar wa ma'aikatansa kayan kariya da takardar wucewa, a kuma shirya darussa da Hausa a gidajen rediyo da ta wayar hannu domin wanda hanya ta yanke masa.

Mawadata da malamai kuma ga nasu rabon. Kula da raunana farali ne na kifaya, wanda in kowa ya bar shi kowa ya ɗauki alhaki, kuma al'ummar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya naɗa makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum ya yi mata kiran salla, har ya wakilta shi a kan Madina sa'ad da ya fita, ba ta da uzurin mayar da naƙasasshe mabaraci. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana ya sani cewa waƙafin ɗakin gashi a garinsu, da albashin ma'aikaci ɗaya, da motar da za ta riƙa ɗauko majinyata daga ƙauyuka, aiki ne da ladansa ke ƙaruwa da kowane takun wanda ya miƙe ta dalilinsa. Hukumomin zakka su sa kuɗin gashi da jarin komawa sana'a cikin abin da suke rabawa. Kwamitocin masallatai su dubi matakalarsu da wurin alwalarsu, domin dokar hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairu 2019 ta ba gine ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuwa ya cika, kuma ɗakin Allah ne ya fi cancanta ya riga kowa. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa kai marar lafiya gashi ibada ce kamar zuwa dubiya. Masu ɗaukar ma'aikata su yi wa wanda ya tashi daga ciwo rangwame, ya fara da rabin yini har ƙarfinsa ya cika, maimakon a maye gurbinsa tun yana kwance. Annoba za ta sake zuwa, domin haka sunnar rayuwa take, kuma gwargwadon abin da muka gina a kwanakin lafiya, gwargwadon yawan waɗanda za su miƙe a bayanta. Allah ya tashi kafaɗun marasa lafiyarmu, ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan amana.